Pund: Kalmar Denmak da ke auna nauyi, kuɗi da baiwa

A kasuwannin ƙasar Denmak, har yau akan ji dattijo ya nemi a auna masa "pund" ɗaya na nama, duk da cewa tun 1907 aka kafa dokar komawa ga awon kilo. Abin da yake nufi shi ne rabin kilo cif, wato giram 500.

Asalin kalmar daga Rumawa ne. A harshen Latin suna cewa "libra pondo", ma'ana ma'aunin libra bisa nauyi. Ƙabilun arewacin Turai da suka yi cinikayya da su sai suka ɗauki kalma ta biyu, wadda ta zama "pund" a Denmak, "Pfund" a Jamus.

Nauyin nata kuwa ya daɗe yana bambanta daga gari zuwa gari. A 1683, zamanin Sarki Christian na Biyar, masanin taurari Ole Rømer ya daidaita ma'aunan ƙasar, sannan a 1839 aka tsayar da pund a kan giram 500. Wannan ne ya cece ta: da kilo ya zo, sai ta zauna daram a matsayin rabinsa. Amma na Ingila bai wuce giram 454 ba, saboda haka ɗan kasuwar da ya ɗauka ɗaya suke zai yi asarar kusan giram 46 a kowane awo.

Ma'ana ta biyu ita ce kuɗin Birtaniya, domin Denmak kanta krone take kashewa tun 1875. Ta uku kuma daga Linjilar Luka ta samo tushe, daga misalin wani basarake da ya damƙa wa bayinsa kuɗi su juya. Idan aka ce mutum ya kula da pund ɗinsa, ana nufin ya yi amfani da baiwar da Allah ya ba shi.

Hausa ma ta sami rabonta ta hanyar Turanci. "Fam", wanda naira ta maye gurbinsa a 1973 a kan naira biyu, jikan "pondo" ne. "Laba" ta masu awo kuwa daga "libra" ta fito. Abin da Denmak ta haɗa a kalma ɗaya, Bahaushe ya raba shi gida biyu.