Barack Obama a Majalisar Dattawan Jihar Ilinoi

A ƙasar Amurka kowace jiha, in ban da Nebraska, majalisa biyu gare ta, ta wakilai da ta dattawa, saɓanin jihohinmu masu majalisa guda. A majalisar dattawan Jihar Ilinoi ne Barack Obama ya koyi siyasa, inda ya wakilci wani yanki na kudancin birnin Shikago daga 1997 zuwa 2004.

Shekaru shida na farko jam'iyyarsa ta Demokarat ba ta da rinjaye, saboda haka kome sai da lallashi. A 2000 ya nemi kujerar majalisar wakilai ta tarayya, Bobby Rush ya kayar da shi warwas tun a zaɓen fid da gwani.

Aikin da ya fi cancantar nazari, a ganina, shi ne na 2003. Kafin lokacin an riga an wanke mutum 13 da aka yanke wa hukuncin kisa a jihar, cikinsu har da waɗanda aka matsa wa suka amsa laifin da ba su aikata ba. Obama ya gabatar da shirin doka, cewa lalle a ɗauki tambayoyin da 'yan sanda ke yi wa wanda ake zargi da kisan kai a faifai. 'Yan sanda suka ce ba su yarda ba. Bai ja da su ba. Ya yi ta zama da su, yana gyara lafazin dokar, yana nuna musu faifan nan zai kāre mai gaskiya a cikinsu daga ƙazafi. Ranar ƙuri'a ba a sami sanata ko ɗaya da ya ƙi ba.