Mu Shimfiɗa wa Allah Tabarma

In za a yi baƙo a gidanmu, Mama takan sa mu share tsakar gida, mu shimfiɗa tabarma, mu kawo ruwan sanyi. Mu Kirista mun gaskata cewa Allah ma yana so ya zauna tare da mu kullum, ba ranar Lahadi kaɗai ba. To, yaya za mu ba shi wuri?

Na farko, mu ba shi lokaci. A Luka sura 10, Yesu ya sauka a gidan Marta. Ita ta yi ta fama da hidima, 'yar'uwarta Maryamu kuwa ta zauna tana sauraronsa, kuma ita Yesu ya yaba wa. Aiki ba laifi ba ne, amma kada ya cinye lokacin addu'a. Ni kafin in tafi ɗebo ruwa da safe, nakan karanta aya biyu ko uku, in yi addu'a.

Na biyu, mu share zuciya. Gaba, ƙarya da satar amsa su ne sharar. A zangon da ya wuce na yi sati biyu ina gaba da ƙawata a kan biro. Duk sa'ad da na zo wurin neman gafara cikin Addu'ar Ubangiji, sai bakina ya yi nauyi. Sai da muka shirya na sami salama.

Na uku, mu kula da na kusa da mu. Matiyu sura 25 ta koya mana cewa wanda ya ciyar da mai jin yunwa, Yesu ya ciyar. In ɗan ajinku bai zo da kuɗin tara ba, Kirista ne ko Musulmi, raba ƙosanka da shi.