Ɓawon Gyaɗa Taki Ne, In An Bari Ya Ruɓe

Duk wanda ya ratsa ƙauyukanmu bayan kaka zai ga tsibin ɓawon gyaɗa a bayan gidaje da bakin injin ɓara. Wasu kan cinna masa wuta, wasu kuma su bar wa iska da gara. Ga shi kuwa kowace damina muna kukan tsadar takin zamani. Da muka fara ba manoma shawara su mai da ɓawon nan taki, wani dattijo ya yi mana tambaya mai nauyi. Ya ce, "Malam, gyaɗar da ta yi fumfuna an ce guba ce. In na zuba ɓawonta a gona, ba gubar zan ci a tuwo ba?" Tambayar ta cancanci amsa.

Gubar dai gaskiya ce, sunanta aflatoksin, kuma wata irin fumfuna ce mai zama a cikin ƙasa take haifar da ita a jikin gyaɗa da masara. Duniya ta farga da ita ne a shekarar 1960, lokacin da talo-talo fiye da 100,000 suka mutu a Ingila bayan sun ci abincin da aka haɗa da tunkuzar gyaɗa daga Birazil. A shekarar 2004 kuma mutane 125 suka rasu a Kenya saboda cin gurɓatacciyar masara. Gubar tana lalata hanta, tana kawo sankarar hanta, kuma dafuwa ko suya ba sa kawar da ita. Saniyar da ta ci irin wannan abinci ma, gubar kan biyo ta cikin nononta.

To, abin lura shi ne, hatsarin yana ga ci ne. A cikin tsibin taki da cikin ƙasa akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani, waɗanda kan rushe gubar sannu a hankali. Zafin da tsibi mai kyau kan ɗauka, wajen digiri 55 zuwa 60, yana rage ita fumfunar, ya kuma kashe irin ciyawa. Amma wannan aiki sai an ba shi lokaci, gama mai haƙuri shi kan dafa dutse.

Ɓawon gyaɗa busasshe ne, mai tauri, ba ya ruɓewa shi kaɗai da wuri. In aka zuba shi ɗanye a gona, yakan janye abincin da shuka take bukata kafin ya ruɓe, sai ka ga ganye ya yi rawaya. Don haka a fara daka shi ko a farfasa, a jiƙa shi ya kwana. Sa'an nan a jera shi hawa-hawa a rami ko tsibi a inuwa: hawa ɗaya na ɓawo, hawa ɗaya na kashin shanu, awaki ko kaji, da ɗanyen ganye, a barbaɗa 'yar ƙasa. A yayyafa ruwa yadda in an matsa a hannu za a ji danshi amma ba zai tsiyaya ba. A soka sanda a tsakiya. In an zare ta bayan 'yan kwanaki aka ji ta da zafi, aiki yana tafiya. A riƙa juyawa kowane mako biyu, na gefe ya koma ciki. Bayan wata uku zuwa huɗu, wani lokaci fiye, takin zai yi baƙi, ya huce, ya yi ƙamshin ƙasar da ta sha ruwan fari. In har ana gane ɓawon, bai nuna ba.

Muna roƙon iyayenmu mata masu ƙuli-ƙuli da man gyaɗa su kula da abu biyu. Ruɓaɓɓiyar gyaɗar da aka tsince kada a ba yara, kada a watsa wa kaji, kada a sayar da ita da araha. A binne ta can tsakiyar tsibin, a kewaye shi da ƙaya saboda awaki. Na biyu, ƙurar fumfuna tana cutar da huhu, musamman ga mai asma ko wanda ya yi tarin fuka. A jiƙa tsibi kafin a juya shi, a ɗaure hanci da ƙyalle, a wanke hannu da sabulu.

Akwai kuma wata riba da ba kowa ya sani ba. Fumfuna ta fi kama gyaɗar da fari ya same ta lokacin da 'ya'ya suke cika. Ƙasar da ta sha taki kuwa ta fi riƙe danshi, don haka takin da ya nuna yana taimakon gyaɗar baɗi ta tsira daga gubar da muke tsoro. Wanda ya haƙa raminsa yanzu da rani, kafin ruwan shuka ya sauka takinsa ya isa kai wa gona.