Lissafi: ninka kaso da kaso

Lamorde unguwa ce ta birnin Yamai. Tana hannun dama na Kogin Isa, a gefen da ake ce ma Harobanda. Gadar Kennedy, wadda aka buɗe a 1970, ta haɗa wannan gefe da tsakiyar birni. Lokacin ɗari, mutane suna aikin garka a bakin kogi.

Wani mai garka yana da fangali 24. Ya gyara kashi 3 bisa 4 na garkarsa. Cikin abin da ya gyara, zai dasa albasa a kashi 2 bisa 3. Dashen da zai cika garka duka, kuɗinsa jika 8 ne. Na nawa zai saya? In ya sayi da yawa, ya yi asara. In ya sayi kaɗan, fili ya zauna banza.

Yadda ake ninkawa

Kowane kaso yana da lamba biyu: ta bisa da ta ƙasa. A ninka ta bisa da ta bisa, a ninka ta ƙasa da ta ƙasa.

2/3 × 3/4 = 6/12

Yadda ake sauƙaƙawa

Amsar daidai ce, amma lambobinta manya ne. Sai a nemi lambar da za ta raba 6, ta kuma raba 12, ba saura. Lambar ita ce 6.

6 ÷ 6 = 1, 12 ÷ 6 = 2. Ke nan 6/12 = 1/2.

Albasa za ta ci rabin garka. Mai garka zai sayi dashen jika 4.

Ana iya tabbatarwa da ƙirga. Kashi 3 bisa 4 na fangali 24 shi ne 18. Kashi 2 bisa 3 na 18 shi ne 12. Kuma 12 rabin 24 ne.

Abin lura

Rabi bai kai 3/4 ba. Dalili shi ne, an ɗebi wani abu ne daga cikin abin da dama bai cika ɗaya ba. Haka ma wajen rabon gado: in mamaci ya bar ƴaƴa da mata biyu, matan suna raba sumuni, watau 1/8. Kowace ta sami 1/2 × 1/8 = 1/16.

Gajeriyar hanya

Ana iya sauƙaƙawa kafin a ninka. A 3/4 × 2/9, lamba 3 tana raba 3 da 9, lamba 2 tana raba 2 da 4. Saura 1/2 × 1/3 = 1/6.

Aiki

1. 2/5 × 5/6
2. 3/8 × 4/9
3. Wata mai nono ta tatsi litir 10. Ta ƙetare gada da 4/5 na nonon, ta sayar da 3/4 na abin da ta kai. Wane kaso na nononta ta sayar? Litir nawa ne?