Shin da gaske ne 'yan jarida ba sa ƙaunar Manchester City?

Duk wanda ya taɓa zama kusa da mai goyon bayan Manchester City a gidan kallon ƙwallo ya san ƙorafin nan: idan Liverpool ta ci wasa sai a ce jarumta ce, idan Arsenal ta ci a ce hikimar matasa, amma idan City ta ci sai a ce kuɗin man fetur ne. Ba a nan gida kaɗai ake wannan kuka ba. A can birnin Manchester ma magoya bayan ƙungiyar sun daɗe suna cewa jaridu da gidajen talabijin na Ingila suna yi musu kallon bare. Shi kansa Pep Guardiola, a watan Mayun 2022 lokacin da suke tseren lashe gasar Firimiya, ya ce kowa a ƙasar Liverpool yake goya wa baya, har da 'yan jarida.

Kafin mu ce gaskiya ne ko ba gaskiya ba, mu koma baya kaɗan, domin yawancinku ba a haife ku ba lokacin da abin ya faro. A kakar 1998/99 City tana rukuni na uku ne a ƙwallon Ingila. Ranar 1 ga Satumba 2008 wani kamfani na Sheikh Mansour, ɗan gidan sarautar Abu Dhabi a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, ya sayi ƙungiyar, kuma a wannan ranar aka ɗauko Robinho daga Real Madrid a kan fam miliyan 32.5. Bayan shekara huɗu Sergio Aguero ya ci ƙwallon nan ta mintin ƙarshe a ragar QPR, City ta ɗauki kofin gasar karo na farko cikin shekara 44. A 2018 ta haɗa maki 100, a 2023 ta ɗauki kofi uku har da na Zakarun Turai, a 2024 kuma ta zama ta farko da ta lashe babbar gasar Ingila sau huɗu a jere.

Magoya bayanta suna da hujja, kuma a ganinmu ba duka ce ta banza ba. Suna cewa ai ba su suka fara kashe kuɗi ba. Attajiri Jack Walker ya zuba dukiyarsa a Blackburn har ta ci gasar a 1995, Roman Abramovich ya yi wa Chelsea haka daga 2003. Manchester United ta biya fam miliyan 89 a kan Paul Pogba da miliyan 80 a kan Harry Maguire, duk da haka ba ta sake ɗaukar Firimiya ba tun 2013. Idan kuɗi kaɗai ke cin kofi, in ji su, me ya hana United? Suna kuma nuna mana mutanen da ke zaune a ɗakin sharhi: Gary Neville da Roy Keane tsofaffin 'yan United ne, Jamie Carragher ɗan Liverpool ne ciki da waje. Micah Richards na City yana nan, amma ana rinjayarsa da yawa. Wannan ba makirci ba ne. Ƙungiyoyin da suka yi tashe shekara talatin da suka wuce su ne suka samar da taurarin da gidajen talabijin ke ɗauka a yau. Haka kuma United da Liverpool sun fi yawan masoya a duniya, jarida kuwa kasuwa take nema, ta san labarin da zai fi jawo masu karatu.

To amma idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ba 'yan jarida suka ƙirƙiro maganar kuɗin City ba. A 2014 hukumar ƙwallon Turai, UEFA, ta ci tarar ƙungiyar kan dokar da ta hana kashe abin da ya zarce kuɗin shiga sosai. A Nuwamban 2018 mujallar Der Spiegel ta Jamus ta wallafa wasu saƙonnin cikin gida da aka kwarmato, inda ta yi zargin cewa kuɗin mai ƙungiyar ne ake shigowa da su da sunan kuɗin talla. A Fabrairun 2020 UEFA ta haramta wa City gasar Turai na shekara biyu tare da tarar Yuro miliyan 30.

Ku lura da abin da ya biyo baya, domin a nan ne kowa yake tsinkar abin da ya yi masa daɗi. A watan Yuli na shekarar Kotun Sauraron Ƙararrakin Wasanni da ke Suwizalan ta soke haramcin. Ta ce wasu zarge-zargen ba a tabbatar da su ba, wasu kuma lokacin da doka ta ba da na shigar da su ya wuce. Amma ta bar tarar Yuro miliyan 10 saboda ƙungiyar ba ta ba masu bincike haɗin kai ba. Ɗan City zai ce maka kotu ta wanke su. Ɗan United zai ce wa'adi ne ya cece su. Kowannensu ya karanta rabin hukuncin ne ya rufe shafin.

Sai kuma Fabrairun 2023, lokacin da hukumar Firimiya ta tuhumi City da laifuffukan da aka fi sani da 115, yawancinsu kan harkokin kuɗi daga 2009 zuwa 2018. Ƙungiyar ta musanta duka. Wani kwamiti mai zaman kansa ya saurari shari'ar daga Satumba zuwa Disamba 2024. Tun kafin a zauna, lambar nan ta 115 ta zama abin tsokana a bakin kowa, kamar dai tuhuma da hukunci abu ɗaya ne. A nan 'yan City suna da gaskiyar yin fushi. Abin da ba su cika son ji ba shi ne, a daidai wannan lokaci magoya bayan Everton da Nottingham Forest, waɗanda aka zabtare wa maki kan dokokin kuɗi, su ma suna kuka cewa ana lallaɓa City ne saboda tana da manyan lauyoyi. Jaridu ɗaya suke karantawa, kowa kuma ya rantse shi aka tsana.

Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da gano wannan. A 1951 an yi wani wasan ƙwallon Amurka mai cike da ƙeta tsakanin jami'o'in Princeton da Dartmouth. Wasu malamai biyu, Albert Hastorf da Hadley Cantril, suka nuna wa ɗaliban makarantun biyu fim ɗin wasan, suka ce kowa ya ƙirga laifuffuka. Fim ɗaya ne, amma laifin da ɗaliban Princeton suka gani a wurin 'yan wasan Dartmouth ya ninka wanda ɗaliban Dartmouth suka gani fiye da sau biyu. Ba ƙarya suke yi ba, abin da idonsu ya gani ke nan.

Kuna iya gwada wannan a ajinku. Ku samo rahoton wasa ɗaya tsakanin City da Arsenal, ku ba ɗan City da ɗan Arsenal kowa nasa kwafin, kada su yi shawara. Kowa ya ja layi a ƙarƙashin jimlar da yake ganin an zalunci ƙungiyarsa, ya kuma rubuta a gefe ko abin da ya faru ne aka faɗa ko ra'ayin marubuci ne. Sannan su yi musayar takardu.