Rashin Haihuwar Da Gwaji Bai Nuna Dalilinsa Ba: Ina Ya Kamata A Duba?

Bismillahir Rahmanir Rahim.

'Yan'uwa, akwai gidaje da yawa da aka shekara biyu ko uku da aure babu ko ɓatan wata. An je asibiti, an auna maniyyin miji, an tabbatar matar tana sakin ƙwai, an ɗauki hoton bututun mahaifa an ga a buɗe suke, likita ya ce komai lafiya. Daga nan sai zargi ya shigo: wannan ya ce sammu ne, wancan ya ce aljani ne, dangin miji su fara kiran baiwar Allah juya.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2023 cewa kusan mutum 1 cikin 6 yana fuskantar matsalar haihuwa a rayuwarsa. Ana kiran abin matsala idan an shekara ana saduwa ba tare da maganin hana ɗaukar ciki ba, kuma ciki bai samu ba. Idan matar ta kai shekara 35, wata 6 ya isa a nemi likita. Cewar likita "ban ga dalili ba" tana nufin gwajin farko bai kama shi ba. Ga wuraren da ya kamata a sake dubawa.

Lokacin saduwa

Ƙwan mace yana rayuwa awa 12 zuwa 24 ne kacal bayan fitowarsa, maniyyi kuwa yana iya kwana 5 a jikinta. Saboda haka kwanakin ɗaukar ciki kusan 6 ne a wata, kuma ƙwan yakan fito kimanin kwana 14 kafin haila ta gaba. Magidancin da ke cin rani ko tuƙin babbar mota, wanda ba ya zuwa gida sai bayan watanni, yana iya shekara bai dace da waɗannan kwanaki ba alhali shi da iyalinsa lafiyarsu ƙalau.

Cututtukan da ke ɓuya a jikin mace

Akwai ciwon da likitoci ke kira endometiriyosis, inda nama irin na cikin mahaifa ke tsirowa a wajenta. Yana samun kusan mace 1 cikin 10, kuma sau da yawa hoton ciki ba ya nuna shi. Alamarsa matsanancin ciwon mara lokacin haila ko zafi wajen saduwa. Kada uwa ta ce wa 'yarta haka kowace mace take ji.

Sai tsargiya, mai sa fitsarin jini. Ana kamuwa da ita a ruwan tafki, gulbi da fadamun noman rani, kamar bakin Kogin Kwara da yankin Tafkin Chadi. Ƙwayayenta suna maƙalewa a mahaifa da bututunta, su bar tabo ko bayan shekaru. Wadda ta tashi tana wanki da wanka a irin wannan ruwa ta faɗa wa likita. Haka tarin fuka yana iya sauka a mahaifa ba tare da tari ba. Wasu cututtukan sanyi ma ba su da alama, kuma maganinsu sai an haɗa miji da dukkan matansa, in ba haka ba ciwon ya riƙa zagayawa.

Ƙwayar da ke wuya, wadda kumburinta ke zama maƙoƙo, idan aikinta ya ragu ko ya yi yawa, tana rikita haila. Gwajin jini ne ke nuna wannan. Ƙiba mai yawa da rama mai tsanani duk suna hana sakin ƙwai a kan kari.

Ɓangaren namiji

A kusan rabin matsalolin haihuwa akwai hannun namiji, kuma ƙarfin saduwa ba shi ne shaidar haihuwa ba. Wanda ya haihu shekara goma da suka wuce yana iya samun matsala yau. Taba, shisha, wiwi, giya da tiramadol suna lalata maniyyi. Allurar testostiron da samari ke yi don gina jiki tana iya tsayar da samar da shi gaba ɗaya. Zafin wuta wajen aikin burodi ko ƙira, da feshin maganin ƙwari ba tare da kariya ba, su ma suna da illa. Jiki yana ɗaukar kimanin kwana 74 kafin ya kammala sabon maniyyi, don haka wanda ya bar waɗannan abubuwa ya ba kansa wata 3 sannan ya sake gwaji.

Abin da muke jawo wa kanmu

Cushe-cushen kayan mata da ba a san haɗinsu ba suna iya ƙona gaba su buɗe ƙofar ciwo. Ƙwayoyin ƙara ƙiba da ake saya a kasuwa suna rikita haila. Gori da barazanar saki kuwa suna jefa mace cikin damuwa, su raba ma'aurata da shimfiɗarsu.

Matsayin Musulmi

Suratush Shura, aya ta 49 da ta 50, ta karantar da mu cewa bayarwa da hanawa duk a hannun Allah suke. Annabi Zakariyya (AS) ya yi ta roƙo har tsufa kafin a ba shi Yahya. Addu'a da istigfari ba sa hana neman magani, amma zuwa wurin boka halaka ce ga imani da dukiya.

Cikin waɗanda ba su samu ciki a shekarar farko ba, kusan rabi suna samu a ta biyu. Idan an kai ga dashen ƙwai, Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na birnin Amman a 1986, ta halatta shi da sharaɗin maniyyin na mijin ne, ƙwan na matarsa ne, kuma a mahaifarta za a dasa.

Ya ɗan'uwa, ka raka matarka asibiti, ka fara miƙa kanka a gwada. Iyaye kuma su kame bakinsu daga gori. Allah Ya azurta masu nema da zuriya ɗayyiba, amin.