Giɓin Kasafin Kuɗi da Bashin Nijeriya

A wannan ɗan rubutu zan yi ƙoƙarin bayyana wa 'yan uwana ɗalibai abin da ake nufi da manufofin kuɗin gwamnati, domin kalmomi ne da muke cin karo da su kullum a darasin fassara. A taƙaice dai, su ne shawarwarin da gwamnati take yankewa a kan abu biyu: nawa za ta tara ta hanyar haraji da sauran kuɗin shiga, nawa kuma za ta kashe. Wannan daban yake da aikin Babban Banki, wanda yake kula da kuɗin ruwa da darajar naira.

Idan abin da aka tara ya fi wanda aka kashe, an sami rara. Idan bai kai ba, an sami giɓi. Kalmar giɓi tana burge ni, don ita ce ake faɗa wa gurbin haƙorin da ya fita, kuma kowa ya san harshe ba ya barin wajen. Ita gwamnati da rance take cike nata giɓin. To, giɓin bana ne yake zama bashin baɗi, kuɗin ruwan wannan bashi kuma sai ya shiga kasafin gaba ya ƙara faɗaɗa giɓin.

Mu ɗauki misali daga gida. Kafin shekarar 2005 ƙasashen Ƙungiyar Paris, irin su Birtaniya da Faransa da Jamus, suna bin Nijeriya kimanin dala biliyan 30, kuma kaso mai yawa na kuɗin ruwa ne da tarar jinkirin biya. A watan Oktoba na 2005, zamanin Shugaba Obasanjo da Ministar Kuɗi Ngozi Okonjo-Iweala, aka yafe biliyan 18, Nijeriya ta biya kimanin biliyan 12, ta kammala a watan Afrilu na 2006.

Mai karatu zai tambaya, ina aka samo biliyan 12? Daga wata dabara ce da aka soma a 2004. Ana gina kasafi a kan farashin mai da bai kai na kasuwa ba, abin da ya hau kai sai a zuba a asusun rarar man fetur. Asusun ya kai wajen dala biliyan 20 a 2008. A 2007 ma an kafa dokar da ta ce kada giɓi ya wuce kashi 3 cikin 100 na arzikin da ƙasa take samarwa a shekara.

Sai dai gwamnonin jihohi sun ce tsarin mulki ya tanadi a raba kuɗin ne, ba a ajiye ba. Aka yi ta ɗiba. Da farashin mai ya faɗi a 2014 babu wani abin kirki da ya rage, tattalin arziki ya karye a 2016, aka koma rance. A 2022 abin da ke cikin asusun bai kai dala miliyan 1 ba. A wancan lokacin tallafin man fetur yana cin nasa, gwamnati kuma tana karɓar rance kai tsaye daga Babban Banki, har ya kai naira tiriliyan 22.7, wanda Majalisar Tarayya ta amince a 2023 a mayar da shi bashi na dogon zango.

A ganina, masu cewa bashin Nijeriya bai yi yawa ba idan aka auna shi da girman tattalin arzikinta suna kallon wurin da ba shi ba ne. Ai da kuɗin shiga ake biyan bashi, kuma harajin da Nijeriya take tarawa yana cikin mafi ƙanƙanta a duniya. Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa a 2022 biyan bashi ya cinye kimanin kashi 96 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya. Ke nan albashin malamanmu da gyaran ɗakunan karatunmu ma da sabon rance aka yi su a wannan shekara.